Tambaya da Amsa: Hafsan Ailan da Ƙasarsa Ta Karrama Bayan Ya Kwanta Dama

Jama'a, assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata, cikin bayanin da na yi kan sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, na ambaci wani hafsan sojan ƙasar Ailan mai suna Pat Quinlan a layi biyu kacal, na ce ƙasarsa ba ta girmama shi ba sai bayan ransa. Ashe layi biyun nan sun taɓa zukatan mutane. Wasiƙun da suka shigo a kansa sun fi na kowane batu yawa, saboda haka na ware masa filin wannan wata gaba ɗaya. Masu tambaya kan wasu al'amura su yi mini haƙuri, mu haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam, wane ne wannan Quinlan, kuma wace bajinta ya yi? Sannan me ya kai sojan Ailan, ƙasar da ko mulkin mallaka ba ta yi ba, yaƙi a tsakiyar Afirka? Daga wani ɗalibin tarihi, Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, bari in fara da tambayarka ta biyu, domin sai an san ta za a gane ta farkon.

Kwango ta karɓi mulkin kai daga hannun Beljiyam ranar 30 ga Yuni, 1960, wata uku kafin Nijeriya ta karɓi nata. Ko mako ba a rufa ba sojoji suka yi wa hafsoshinsu Turawa bore. Beljiyam ta sake turo dakarunta da sunan kare 'yan ƙasarta, sannan ranar 11 ga Yuli Moise Tshombe ya tashi ya ce lardin Katanga ya ɓalle, ya zama ƙasa mai cin gashin kanta. Katanga kuwa nan arzikin Kwango yake kwance: jan ƙarfe, kobalt da yuraniyom. Kamfanin Union Minière na Beljiyam ke haƙarsu, kuma kuɗin da ya saba biyan gwamnatin tsakiya sai ya juya su zuwa baitulmalin Tshombe. Da su aka kafa rundunar jandarmomi, aka ɗauko sojojin haya daga Beljiyam, Faransa, Rodeshiya da Afirka ta Kudu suna ba ta umarni. Firaminista Patrice Lumumba da Shugaba Joseph Kasavubu suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuma ta tara sojoji daga ƙasashe da dama ta tura. A Katangar nan ne aka kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu, 1961.

Ailan ta shiga Majalisar a 1955. Ƙaramar ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu, ita ma ta ɗanɗana mulkin Ingila na ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ake ganin sojanta zai karɓu a inda na manyan ƙasashe ba zai karɓu ba. Tsakanin 1960 da 1964 sojojinta kimanin 6,000 suka yi aiki a Kwango, 26 ba su koma gida da rai ba. Rukunin farko ma da kakin ulu mai kauri na ƙasar sanyi suka sauka cikin zafin Afirka. A Nuwamba 1960 aka yi wa wani ayarinsu kwanton ɓauna a Niemba, aka kashe 9.

Shi Quinlan an haife shi a 1919 a yankin Kerry, can bakin teku a kudu maso yammacin Ailan. Muƙaminsa a lokacin daidai yake da Manjo a wajenmu, kuma shi ke riƙe da Kamfanin A na Bataliya ta 35, mutum kimanin 155. Da yawansu samari ne da ba su kai ashirin ba, wasu ma ƙarin shekaru suka yi aka ɗauke su soja, kuma galibinsu ba su taɓa jin harsashi ya wuce ta kansu ba.

A farkon Satumba 1961 aka tura su Jadotville, garin ma'adinai da yanzu ake kira Likasi, kimanin kilomita 120 daga Elisabethville, wato Lubumbashi ta yau, inda sauran bataliyarsu take. Dalilin da aka bayar shi ne Beljiyam ta yi ƙorafi cewa Turawan garin na cikin haɗari. Da Quinlan ya isa sai ya tarar Turawan ba sa ko son ganinsu, domin yawancinsu ma'aikatan Union Minière ne, kuma Tshombe suke goyon baya. Kwanaki kaɗan kafin nan wata runduna ta sojojin Suwidin da Ailan, wadda ta fi tasa ƙarfi, ta zo garin ta ga ba wurin zama ba ne, ta janye. Masaukin da aka ba shi wasu gidaje ne da garejin mai a gefen gari, a buɗe ta ko'ina, kuma hanyar komawa wajen 'yan'uwansu ɗaya ce tak, ta kan gadar kogin Lufira.

A nan ne, a ganina, bajintar mutumin ta fara, tun ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Ya dubi wurin ya san tarko ne. Ya sanar da manyansa, aka ce ya zauna. Sai ya sa yaransa haƙa ramukan ɓuya cikin ƙasa mai tauri, dare da rana, ya tsara su yadda kowane rami yake kare na kusa da shi. Ya ba da umarni a cika duk abin da zai riƙe ruwa, daga bahon wanka da bokiti har kwalba, domin ya san ranar da za a far musu famfo za a fara rufewa. Haka kuwa aka yi.

Ranar Laraba 13 ga Satumba, da asuba, Majalisar ta ƙaddamar da farmaki a Elisabethville don karya gwamnatin Tshombe. Quinlan bai sami labari ba sai da safiyar, an riga an fara. Jandarmomi suka zaɓi lokacin da yawancin sojojin Ailan, waɗanda Katolika ne, suka taru a fili suna addu'ar safe, suka shigo da motoci da niyyar kama su hannu rabbana. Masu gadi suka hango su, aka yi harbin gargaɗi, kowa ya ruga raminsa. Daga nan aka shiga ba-ta-kashi.

Waɗanda suka kewaye su an ƙiyasta sun kai 3,000, wasu ma sun ce sun fi. Suna da igwa da manyan bindigogin cilla bom, ga kuma jirgin yaƙi samfurin Fouga da ke zuwa ya yi ruwan wuta ya koma ba mai tare shi, domin a lokacin Majalisar ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya a Kwango. Su kuwa mutanen Quinlan abin da ke hannunsu bindigogin kafaɗa ne, da tsofaffin mashingan samfurin Vickers irin na Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ƙananan bindigogin cilla bom, da motocin sulke biyu. Ana turo musu mayaƙa ɗaruruwa a kowane zuwa, suna tare su a fili kafin su iso bakin ramuka. An yanke musu ruwa da lantarki. Jirgin ya lalata motocinsu, ya zama ko sun so ficewa babu abin hawa. A cikin wannan hali ne Quinlan ya aika wa hedikwata saƙon oba-oba da har yau ake tunawa da shi a Ailan, cewa za su riƙe wurin har harsashinsu na ƙarshe, ya ƙara da cewa da za a samo musu ɗan wuski da sun so.

Sau biyu aka turo musu ɗauki, sojojin Ailan da Suwidin, a karo na biyu har da Gurkawa na rundunar Indiya. Duka biyun a gadar Lufira aka tare su, aka kashe wasu daga cikin Gurkawan, suka juya. Wani jirgi mai saukar ungulu ya kutsa cikin wuta ya sauke musu ruwa. Da aka buɗe jarkokin sai aka tarar na fetur ne ba a wanke ba, ruwan ba ya shayuwa. Ka ƙiyasta wannan a ranka: yaro ɗan shekara goma sha bakwai, kwana huɗu a rami cikin rana, leɓe ya tsage, ya buɗe jarka ya ji warin mai.

A rana ta huɗu aka yi sulhun tsagaita wuta, amma bai yi ƙarko ba. Ranar Lahadi 17 ga Satumba, harsashi ya kusa ƙarewa, ruwa babu, abinci babu, ɗauki ya koma, manyansa ba su ba shi wani umarni tsayayye ba, Quinlan ya shawarci hafsoshinsa ya sa hannu a takardar ajiye makamai tare da Godefroid Munongo, ministan cikin gida na Katanga, bisa sharaɗin za a kare rayukan mutanensa. A kwana biyar ɗin nan mutum biyar ne suka ji rauni a cikinsu, ba a kashe ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren an ƙiyasta matattu sun kai 300. A daren nan ne kuma jirgin Babban Sakataren Majalisar, Dag Hammarskjöld, ya faɗi kusa da Ndola a Zambiya ta yau, yana kan hanyar zuwa ganawa da Tshombe, ya rasu da duk waɗanda ke tare da shi. Aka tsare sojojin Ailan sama da wata guda, aka sake su a ƙarshen Oktoba ta hanyar musayar fursunoni, suka koma gida a Disamba, adadinsu cif kamar yadda suka shiga garin.

TAMBAYA: Na yi shekara talatin da biyar ina sa kaki, na yi ritaya ina Samanja. Abin da aka koya mana shi ne soja ba ya saranda. Kwamandan da ya miƙa bindigarsa ga abokin gaba ya zubar da mutuncin tutarsa, ko da me ya yi kafin nan. Shi da bakinsa ya ce sai harsashi na ƙarshe. Ta yaya za a rataya wa irin wannan lamba? Daga wani ɗan mazan jiya, Kaduna.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba Samanja, na gaishe ku da aiki, Allah ya saka da alheri kan hidimar da kuka yi wa ƙasa. Ni ban taɓa kwana a rami ba, ku kun kwana, saboda haka da ladabi nake wannan magana. Amma ban yarda da ku ba, kuma zan faɗi dalili.

Abin da kuka faɗa shi ne ainihin abin da aka yi ta faɗa a barikokin Ailan shekara da shekaru. Har suna aka laƙaba wa mutanen Kamfanin A daga sunan garin, ana kiransu da shi don gori, ma'anarsa matsorata masu ɗaga hannu. Aka yi ta dambe a wuraren shaƙatawar sojoji saboda wannan suna. Wasu suka bar aikin, wasu suka bar ƙasar, wasu suka faɗa shaye-shaye, akwai ma waɗanda suka kashe kansu. Da yawa har suka tsufa iyalinsu ba su san sun taɓa zuwa Jadotville ba.

To, Baba, mu dubi abin da ke gaban Quinlan ranar Lahadin nan. Ba ƙasarsa yake karewa ba, balle a ce in ya ja da baya abokan gaba za su shiga gidan uwarsa. Ba wata gada ko tashar jirgi aka ce ya riƙe ba, wadda faɗuwarta za ta karya sauran runduna. Mutanen da aka ce ya je ya kare suna cikin masu taya abokan gaba. Aikin da aka tura shi tun asali babu shi. Da ya ci gaba, abin da zai biyo baya sananne ne: harsashi ya ƙare da yamma ko da safe, mayaƙan da aka kashe wa 'yan'uwa ɗaruruwa su shigo ramuka, a yanka yara 155 ɗaya bayan ɗaya. Me jininsu zai saya? Ko taƙi ɗaya na ƙasa ba zai canja hannu ba. Kun san abin da ake nufi da a ce an damƙa wa kwamanda 'ya'yan mutane, domin ku ne kuke kirga su a fareti kowace safiya, ku ne kuma kuka san gidajen da ake zuwa gaisuwa in an dawo babu wani.

Maganar harsashi na ƙarshe kuwa, ai ya cika ta gwargwadon yadda ɗan Adam zai iya. Matsoraci ranar Laraba zai ɗaga hannu, lokacin da ya ga dubbai sun kewaye shi. Wannan ya yi kwana biyar, ya sa abokan gaba da kansu suka nemi a tsagaita wuta, bai ajiye makami ba sai da abin harbawa da abin sha suka ƙare. Kuma ya san sarai abin da sa hannun nan zai jawo masa. Hafsa ne mai shekara arba'in da biyu, ya san aikin soja ba ya yafe wannan. Ya zaɓi ya ɗauki tabon a kan sunansa, yaran su rayu. Ni a wurina wannan sa hannu na cikin jarumtar, kuma ya fi tsayawa a bakin rami wuya, domin wanda ya mutu a fagen fama ana yi masa kirari, shi kuwa gori ya san yana jiransa.

Akwai abin da muka karanta a tarihin Musulunci da yake faɗo mini a rai duk lokacin da ake irin wannan muhawara. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, bayan kwamandoji uku sun yi shahada, Khalid ɗan Walidu ya karɓi tuta, ya ga yawan Rumawa, ya yi dabara ya janye rundunar ya dawo da ita Madina. Mutane suka tare su suna watsa musu ƙasa suna ce musu magudana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba magudana ba ne, masu sake komawa ne in Allah ya so. Ba ina haɗa darajar Sahabbai da ta kowa ba ne, kuma na san janyewa daban, miƙa makami daban. Abin da nake nunawa shi ne, jama'ar da ke gida sukan yi saurin yanke wa kwamandan da ya dawo da mutanensa da rai hukunci, alhali ba su ga abin da ya gani ba.

In akwai abin kunya a Jadotville, kuma akwai, to yana wuyan waɗanda suka tura kamfani guda cikin garin abokan gaba da hanya ɗaya, suka ji gargaɗinsa suka yi biris, sannan suka buɗe wuta a Elisabethville ba tare da sun janye shi ko sun sanar da shi a kan lokaci ba. Ku lura da wani abu, Baba. A lokacin, babban kwamandan sojojin Majalisar a Kwango janar ne ɗan Ailan, Sean MacEoin, wakilin Majalisar a Katanga shi ma ɗan Ailan ne, Conor Cruise O'Brien. Fahimtata ita ce, da an rataya wa Quinlan lamba a 1962, dole wani ya tambaya wa ya jefa shi cikin ramin. Shiru ya fi wa manya sauƙi, sai aka bar ƙanana da ɗaukar kaya.

TAMBAYA: Mijina soja ne, ya rasu a bakin aiki. Da na karanta cewa an karrama wannan mutum bayan mutuwarsa sai na ji wani ɗaci. Wane irin karramawa aka yi masa, kuma me lamba za ta amfana wa wanda ke cikin kabari? Daga wata uwar marayu, Maiduguri.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ya ba ki juriya. Ɗacin da kika ji yana da dalili, ba kuma zan ce miki ba shi da shi ba.

Ga yadda abin ya gudana. Da suka dawo, Quinlan ya rubuta sunayen yaransa sama da talatin ya nemi a ba su lambobin yabo. Ba a ba kowa lamba saboda Jadotville ba. Ya ci gaba da aiki har ya kai Kanar ya yi ritaya, ya rasu a 1997, shekara 36 bayan yaƙin, bai ji kalmar godiya daga gwamnati a kan kwana biyar ɗin nan ba. Waɗanda suka ƙi barin maganar ta mutu su ne yaran nasa, waɗanda a lokacin su ma sun yi furfura. Fitacce a cikinsu John Gorman ne, wanda ƙaramin soja ne ɗan shekara goma sha bakwai a Jadotville. Ya yi shekaru yana bin ofisoshi da 'yan majalisa da 'yan jarida. Ɗan marigayin, Leo Quinlan, wanda shi ma hafsan soja ne, ya shiga gaba wajen neman haƙƙin mahaifinsa da mutanensa.

A 2004 ministan tsaro Willie O'Dea ya sa aka sake duba lamarin, binciken ya wanke Quinlan da kamfaninsa daga duk wani zargi. A Nuwamba 2005 aka kafa dutsen tunawa da su a barikin Custume da ke garin Athlone, aka kuma rataya hotonsa a makarantar horar da sojojin kiyaye zaman lafiya ta ƙasar. A Satumba 2016 aka ba kamfanin gaba ɗaya takardar yabo ta shugaban ƙasa, irinta ta farko a tarihin sojan Ailan. A 2017 aka kafa allon tunawa da shi a yankinsu na Kerry, tsohon firaminista Enda Kenny ya buɗe, sannan a Disamba na shekarar aka ƙera lamba ta musamman mai sunan Jadotville aka ba waɗanda ke raye, aka miƙa ta mamatan ga iyalansu. A Yuli 2021 wani kwamiti mai zaman kansa da gwamnati ta kafa ya ba da shawarar a bi hanyar ba Quinlan lambar fitaccen aiki ta soja bayan rasuwarsa, kuma ministan tsaro Simon Coveney ya tsaya a majalisar dattawa ya nemi gafarar mutanen Kamfanin A da iyalansu. Kwamitin bai ba da shawarar a ba sauran waɗanda Quinlan ya rubuta sunayensu irin wannan lamba ba, abin da ya ɓata wa tsofaffin sojojin da iyalansu rai ƙwarai. Ni ma ina ganin da shi za a tambaya, da nasu ya fara nema, tun da abin da ya yi ke nan tun farko.

Amfaninta ga mamaci kuwa, gaskiyarki, babu. Mu mun san abin da ke isa kabari, addu'a ce da sadaka da aikin da mutum ya gabatar, ƙarfen da aka rataya a ƙirji ba ya cikinsu. Lambar ta masu rai ce. Akwai matar da ta yi shekara arba'in tana jin mijinta yana firgita cikin barci, ba ta san dalili ba, a waje kuma ana ce masa matsoraci. Akwai ɗan da ya tashi yana jin kunyar ambaton inda ubansa ya yi yaƙi. Ranar da gwamnati ta tsaya a bainar jama'a ta ce mutanen nan jarumai ne, mu ne muka yi kuskure, waɗannan ne aka sauke wa kaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ba zan yarda a ce karramawar bayan rai ta biya bashin ba. Da yawa daga cikin mutum 155 ɗin sun riga sun mutu kafin 2017, sun tafi da gorin a kunnensu. Kuma ke kin fi ni sanin cewa abin da iyalin soja ke buƙata da farko shi ne haƙƙinsa ya fito a kan lokaci, yara su ci gaba da makaranta, kada a bar uwarsu tana yawo da fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Lambar da ta zo bayan an yi wannan ado ce a kan mutunci. In ta zo babu shi, dole ta yi ɗaci a baki.

TAMBAYA: Ni abin da ya dame ni, mutum 300 da aka ce an kashe ai 'yan Afirka ne. Don me za mu zauna muna yabon Bature a kan ya kashe baƙar fata a ƙasarsu? Daga wani malamin makaranta, Damagaram.

AMSA: Malam, tambayarka ta yi mini daɗi, domin wajen ba da wannan labari akan ambaci adadin nan a wuce kamar ba rayuka ba ne. Yawancinsu samarin Katanga ne, talakawa, an sa musu kaki an ba su bindiga, hafsoshin haya na bayansu suna tura su cikin bakin mashingan a fili. Su ma suna da uwaye. Sunan Quinlan na kan dutse a yau, nasu kuwa ko a labarin ba a kawo shi. Wannan yana ci mini rai.

Amma mu tambaya, wa ya kai su? Ɓallewar Katanga ba yaƙin 'yancin baƙar fata ba ne. Yunƙuri ne na raba Kwango da arzikinta kwana goma sha ɗaya bayan samun mulkin kai, da kuɗin kamfanin Turawa da hafsoshin Turawa. Zaɓaɓɓiyar gwamnatin Kwango ce ta gayyaci Majalisar, kuma a ƙarƙashin tutar da Quinlan ya tsaya akwai sojojin Nijeriya, Gana, Habasha, Tunisiya, Maroko da sauransu. Ba shi ya kai hari ba, shi aka zo wa, yawancin yaransa suna wurin ibada. Ba yawan waɗanda ya kashe nake yabo ba, kuma duk wanda ya mai da adadin nan abin alfahari ya ɓata labarin. Abin da nake yabo shi ne tanadin da ya yi da hukuncin da ya yanke, wanda ya tsayar da zubar jini a ɓangarorin biyu.

TAMBAYA: Kakana ya yi yaƙin Kwango, har yanzu hotonsa da shuɗiyar hula yana rataye a ɗakin kakata. Shin yana yiwuwa yana cikin waɗanda aka kewaye a garin nan? Daga wani matashi, Sakkwato.

AMSA: Ƙanena, sojojin Nijeriya ba sa cikin waɗanda aka kewaye a Jadotville, ba sa kuma cikin ayarin da aka tare a gadar Lufira. Amma sun yi aiki mai yawa a Kwango, tun daga ƙarshen 1960, makonni kaɗan bayan samun mulkin kai, zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bataliyoyinmu sun zauna a lardin Kivu, da arewacin Katanga, da Kasai, da Leopoldville wadda yanzu ake kira Kinshasa, kuma an tura 'yan sandanmu su ma. Yakubu Gowon, Olusegun Obasanjo da Murtala Muhammed duk sun yi Kwango suna ƙananan hafsoshi. Jaja Wachuku ne ya shugabanci kwamitin sulhu na Majalisar kan rikicin. 'Yan'uwanmu na Gana sun yi babban rashi a Port Francqui a Afrilu 1961, inda aka kashe musu sojoji da dama. Garin Jadotville kuwa sai a farkon Janairu 1963 sojojin Indiya na Majalisar suka haye kogin Lufira suka shige shi, kuma a cikin watan ne Tshombe ya janye ɓallewar. Janar Aguiyi-Ironsi na Nijeriya shi ne kwamandan ƙarshe na rundunar, har ta tattara ta bar ƙasar a Yuni 1964.

Ka roƙi kakarka ta buɗe maka akwatinsa. In takardar sallamarsa tana nan, za ka ga lambarsa da bataliyarsa da shekarun da ya yi aiki, wani lokaci ma akan rubuta wuri da kwanan wata a bayan hoto. Ka aiko mini da sunan bataliyar da shekarar, in duba maka lardin da suka zauna.